Ra'ayinmu: Kada Sallah Ta Wuce Ta Bar Mu Da Bashi Da Leda

Babbar Sallah ta ƙarato, kuma duk wanda ya zauna a ofishin malamai cikin 'yan kwanakin nan ya san hira ɗaya ake yi: nawa rago ya kai a kara, yaushe albashi zai shigo, kuma wane tela ne bai rufe karɓar ɗinki ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kaya ya tashi bai sauko ba. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma a wurare da dama malamin firamare shi ne na ƙarshen ganin ƙarin, kuma matsakaicin rago a yau ya fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba.

Saboda haka kiranmu na farko ga hukumomi ne: a biya malamai albashinsu da ariyas ɗinsu kafin Sallah. Haƙƙi ne, kuma ƙungiya ba za ta gaji da nemansa ba. Sai dai akwai abin da yake hannunmu, shi ne yadda za mu kashe ɗan abin da ya samu.

Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. A zamaninmu abubuwa biyu take bari, bashi a wuyan maigida da leda a bakin kwata, kuma dukkansu sukan daɗe bayan an manta da ɗanɗanon nama. Mun sha ganin abokin aiki ya karɓi rago bashi da riba a kai, ana yankar albashinsa wata huɗu ko biyar, har lokacin komawa makaranta ya zo babu kuɗin littafin 'ya'yansa. Malaman addini sun karantar da mu cewa layya tana kan mai iko ne, kuma dabba ɗaya ta wadatar wa mutum da iyalan gidansa. Wanda Allah ya hore wa ya yanka, ya tuna da maƙwabci. Wanda bai samu ba babu laifi a kansa, kuma in nama yake so yara su ci, watanda tana nan: a haɗa kuɗi a makaranta ko a unguwa, a sayi sa a raba. Haka batun tufafi yake. Ba dole ba ne kowane yaro ya samu kala uku, ba kuma dole uwargida ta shiga kowane anko ba. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Mu dawo kan leda. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana zuwa ne a farkon damina. A ranar rabon nama gida ɗaya kan kashe baƙar leda mai yawa, ga ledar ruwan sha, ga robobin lemo, duk a watsar a titi. Ruwan sama na farko mai ƙarfi zai kwashe su ya cusa a magudana, kwata ta toshe, ruwa ya shiga gidaje ya jiƙa gindin katangar ƙasa, abin da ya kwanta kuma ya zama matattarar sauro. Mu malamai mun san sakamakon, domin mu ne muke kiran suna da safe mu ji an ce wane yana gida da zazzaɓi. Dabbobinmu ma ba su tsira ba. A tambayi kowane mahauci sau nawa ya farke tumbin akuya ko rago ya tarar da dunƙulen leda a ciki. Ƙasar Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu ba sai mun jira doka ba, domin iyayenmu sun yi rabon nama shekara da shekaru babu leda: a zuba a langa ko a kwano, a rufe da faifai, yaro ya kai ya dawo da kwanon gida, wani lokaci har da tukuici a ciki.

Wani abin da ya kamata mu daina shi ne babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya. Hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yaran da ke kewaye da wutar, kuma baƙin yana kama naman da za mu ci. Itace ma ya yi tsada, kuma kowane dami bishiya ce ta ragu a ƙasar da hamada ke matsowa. Gidaje biyu ko uku za su iya hura wuta ɗaya su yi babbaka da suya tare, a rage itace, a rage mai, a ƙara zumunci.

A jikin dabbar layya kusan babu abin yarwa. A feɗe fata da kyau, a barbaɗa mata gishiri tun ba ta fara wari ba, a miƙa ta ga masallaci ko makarantar Islamiyya da ke tarawa, maimakon a bar ta ta ruɓe a bola. A haƙa rami a binne jini. Abin da aka zazzage daga tumbi taki ne, kuma yawancinmu muna da 'yar gona ko lambu da ke bukatarsa a daidai wannan lokaci. A wajen abin sha, zoɓo da kunun aya da lemon citta da aka haɗa a gida sun fi katan ɗin lemon kwalba araha, ba su kuma barin tulin roba a ƙofar gida. Wannan shawara ta shafi 'yan'uwanmu Kiristoci na wannan reshe idan Kirsimeti ta zo, domin aljihunmu ɗaya ne, unguwarmu ma ɗaya.

Mu tuna cewa a aji muna koya wa yara tsaftar muhalli da tattali, kuma waɗannan yara a unguwarmu suke. Suna ganin ƙofar gidan Malam da ta Malama ranar yanka da washegari. Idan suka ga kwatarmu cike da leda da jini, darasin da muka rubuta a allo ya tashi a banza. Don haka muna ba da shawara kowane shugaban makaranta ya ware 'yan mintoci a taron safe na ƙarshe kafin hutu, a yi wa yara bayanin rabon nama a kwano da haɗarin hayaƙin taya, su kai saƙon gida. Wakilan ƙungiya a makarantu kuma su jagoranci haɗa watanda ga masu bukata tun da wuri.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa mu dawo aji lafiya da cikakken albashi a hannu. Barkanmu da Sallah.