Kiwo a Gida: Rago da Tsakuwar Mafitsara

In kun je kasuwar Kafin Maiyaƙi, ku ɗan tsaya wurin mahauta ku duba ƙoda. Ta saniya curi-curi take, wajen 20 a manne. Ta rago da ta akuya sumul suke kamar ƙwayar wake. Ta alade ma sumul ce, sai dai ta fi faɗi. Kaza kuwa ba ta da mafitsara sam. Farin nan da muke gani a kashinta, shi ne fitsarinta.

Aikinsu ɗaya ne. Ƙoda tana tace jini, fitsari ya gangara cikin mafitsara, daga nan ya bi hanya ya fita. To, wannan hanya ita ce damuwarmu, mu da muke turke rago domin Kirsimeti.

Hanyar tunkiya gajera ce mai faɗi. Ta rago doguwa ce, ta lanƙwashe sau biyu, a bakinta kuma akwai wani ɗan siririn abu kamar tsutsa. Tsakuwa ko da ba ta kai ƙwayar dawa ba tana iya toshe shi. Ragon da aka dandaƙe tun yana ƙarami, tasa ta fi matsewa.

Ina tsakuwar take fitowa? Yawanci daga hannunmu ne. Muna ɗura masa dusa safe da yamma don ya yi ƙiba, ciyawa kaɗan, ruwa kuwa sai an tuna. Da sanyin hunturu ma ba ya son sha. Sai fitsari ya yi kauri, yashi ya taru a mafitsara. Mu rage dusa, mu ƙara harawa, kada kwanon ruwa ya bushe. Ɗan gishiri yana sa shi ya sha. Kanwa da muka saba jiƙa masa, a ganinmu a sassauta, gama yawanta yana taimakon tsakuwar.

In kun ga rago ya ƙi abinci, yana miƙa, yana nishi, yana harbin cikinsa, fitsari ɗigo-ɗigo, ku nemi malamin dabbobi a ranar. Sau da yawa yanke ɗan siririn bakin nan yakan buɗe hanya. In an bar shi kwana 1 ko 2 mafitsara takan fashe. Sai ya yi shiru kamar ya sami sauƙi, ciki ya kumbura. Ko an yanka shi a lokacin, naman zarnin fitsari yake yi.