Gidan manomi ma abin tarihi ne

Idan aka ambaci ginin tarihi, hankalin jama'a kan tafi ga fadar sarki ko babban masallaci. Amma a kudancin Faransa, cikin jihar Lozère, bisa tudun Causse Méjean, akwai wani tsohon gidan gona na dutse a ƙauyen Hyelzas wanda aka mai da shi gidan tarihi. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya saboda al'adarsa ta kiwon tumaki.

Ƙasar wurin ta farin dutse ce. Itace kaɗan ne, ruwan sama kuwa da ya sauka sai ya zurare cikin ƙasa. Da magina suka rasa azara, sai suka jera duwatsu suka yi baka, suka ɗora wani bakan bisa wani. Tumaki na kwana ƙasa, iyali a tsakiya inda ɗumin dabbobi ke rage musu sanyi, hatsi da ciyawa can sama. Rufin na falalen dutse ne mai nauyin gaske, shi ya sa bangon ke da kauri. Ruwan da ya kwaranyo daga rufi kuwa ana tara shi cikin rijiyar ajiya.

A ganinmu, darajar wannan gida ita ce ilimin da talaka ya zuba cikinsa domin ya rayu inda ƙasa ta yi rowa. Sai dai doka tana iya hana a rushe bango, ba ta iya jera dutse. Masu sana'ar rufin dutse sun yi ƙaranci, kuma ranar da suka ƙare, gidan zai bi su.

Ƴan'uwa, mu ma mun san rashin itace. Giginya ta ragu, azara ta yi tsada, har aka soma ginin ƙasa marar itace a Cikal, wajen Filinge, tun 1980. Muna alfahari da tsohon garin Agadas da ya shiga gadon duniya a 2013. To, ina gidan manomi da rumbunsa? Ya kamata hukumomi su ƙidaya irin waɗannan gine-gine, su kuma haɗa tsofaffin magina da samari, tun masu sanin suna da rai.