HAJAR KWANA UKU: Kada mu sayar da amanar iyayenmu a kan naira dubu biyar



Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na matasanmu a Agege, Idi-Araba, Sabo ta Ibadan, Shagamu ko Fatakwal ya san tallar da ta addabe mu a 'yan kwanakin nan. Saurayi ne zai ɗora hotonsa ya jingina da motar da ba tasa ba, a ƙasa ya jera hotunan alat na banki, sannan ya rubuta cewa shi zai koya maka yadda za ka haɗa hajarka ta intanet cikin kwana uku, ka ɗora ta a kasuwa, kuɗi su riƙa shigo maka kana barci. Wai ba ka bukatar jari, ba ka bukatar sanin komai, wayarka kaɗai ta isa. Kuɗin kwas ɗin kuma dubu biyar ne ko goma, amma ka yi sauri domin gobe za a ƙara.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna algus ne aka sa masa sabuwar riga. Kuma abin da yake ci mana ya fi dubu biyar ɗin nan tsada, domin yana cin jarin da Bahaushe ya zauna da shi a Kurmi shekara da shekaru, wato yarda.

Kafin wani ya ce dattijo ne ke ƙyamar zamani, bari mu ba gaskiya haƙƙinta. Sayar da hajar da ba a taɓa ta da hannu sana'a ce ta halak: littafi a waya, darasi na bidiyo ko na murya, zane, tsarin lissafin shago. Hanyoyin ma sun samu. Akwai Selar, wanda aka kafa a nan Najeriya a 2016, inda mutum zai ɗora littafi ko darasi, a biya, a sauke nan take. Akwai Paystack da wasu matasa biyu 'yan Najeriya suka kafa, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Ga Opay da Moniepoint a hannun kowane mai shayi. Marubutanmu mata kuwa sun daɗe suna sayar da littattafan Hausa ta WhatsApp, a biya 'yan ɗaruruwa a shiga zauren karatu, wasunsu da shi suke rufa wa kansu asiri. Saboda haka in an ce za ka iya buɗe shagon intanet tsakanin Azahar da La'asar, ba a yi ƙarya ba.

Inda ƙaryar take shi ne a kayan da za a zuba a shagon. Rumfa ana kafa ta a yini ɗaya a kasuwar Mile 12, amma tumatirin da za a kasa a cikinta sai da ya yi watanni a gona, wani ya yi ban ruwa, wani ya tsinka, direba ya kwana a hanya. Masu kwas ɗin kwana uku suna koya wa yaranmu kafa rumfa, sannan su ce musu ai kayan ma haka suke.

Ku duba yadda ake haɗa irin wannan hajar. Yaro zai buɗe ChatGPT ya ce a rubuta masa shafi talatin a kan kiwon kaji, alhali bai taɓa kwana da ɗan tsako a ɗaki ba. Zai kai Canva ya yi masa bango mai ƙyalli, ya mai da shi PDF, ya sa masa suna mai “sirri” a ciki. In yana son na Hausa, sai ya sa na'ura ta fassara, Hausar ta fito ko shi kansa ba ya gane ta. Bai san ko allurar rigakafin da aka rubuta a ciki daidai take ba, bai san ko ma'aunin abincin ya dace da zafin ƙasarmu ba, domin ba shi da ilimin da zai tace abin da na'urar ta ba shi. Ita kuwa wannan na'ura, duk wanda ya yi aiki da ita ya san takan shirya ƙarya tsaf cikin lafazi mai daɗi. Sai wata baiwar Allah da ta tara kuɗin adashinta ta sayi littafin, ta sayi kaji ɗari, ta bi abin da aka rubuta. In kajin suka mutu, wa za ta kama?

Wannan ma na kaji ne. Mafi muni su ne masu littattafan magani: haɗin rage ƙiba, haɗin ciwon suga, haɗin ma'aurata, duk daga hannun wanda bai taɓa zama gaban likita ko gaban mai maganin gargajiya na gaske ya koya ba. Maganin kwalba aƙalla ana duba lambar NAFDAC a jikinsa. Shi wannan yana yawo daga waya zuwa waya babu mai tambayar daga ina ya fito, kuma jikin mutane ake gwada shi.

Wasu kuma ko wahalar tambayar na'ura ba sa yi. Littafin wani za su ɗauko, ko darasin da wani malami ya ɓata watanni yana shiryawa, su cire sunansa su sa nasu. Wannan sata ce, ko da an kira ta da sunan Turanci mai daɗi. Kuma a sani, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, ba littafin takarda kaɗai ba.

Yanzu mu zo kan babbar tambaya. In har mutumin nan yana samun miliyoyi yana barci, me ya tashe shi yake bin ka a kan dubu biyar? Amsar ita ce kai ne kasuwar tasa. Ka biya, ka shiga, sai ka tarar darasin gaba ɗaya a kan yadda za ka sayar wa wasu wannan darasin ne, a ba ka kamasho. Babu wata haja a ƙarshen layin sai kwas ɗin kansa. To mu yi lissafi. A ce kowa sai ya kawo mutum goma kafin ya ga riba. Hawa na farko mutum 10, na biyu 100, na uku 1,000. A hawa na shida an kai miliyan ɗaya, a na takwas miliyan 100, a na tara kuwa an zarce yawan mutanen Najeriya nesa ba kusa ba. Ke nan dole ne mafi yawan waɗanda suka shiga su tashi a tutar babu, domin na sama da kuɗin na ƙasa yake ci.

Mun ga irin wannan rawar. A Disambar 2016 MMM ta rufe asusun mutane, aka yi kuka. A Afrilun 2025 CBEX ta rushe da dukiyar jama'a har EFCC ta shiga maganar. Ban ce kowane mai sayar da kwas ɗan damfara ba ne irin waɗancan. Amma ƙugiyar da ake kama mutane da ita ɗaya ce: kuɗi da sauri, ba gumi, kuma ka shiga yau kafin a rufe. Hausawa sun riga sun gama magana, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake fara sayar wa. Yaron da ya haɗa littafin kwana uku ba shi da mabiya a Landan ko Dubai. Lambobin da ke wayarsa na 'yan uwansa ne, da abokan makarantar allo, da 'yan unguwa, da 'yan ƙungiya. Su za su saya, saboda sun san mahaifinsa. In suka buɗe suka ga holoƙo, ba za su kai shi kotu ba, shiru za su yi, amma sun gama da shi. Gobe in ya zo da abu na gaske, babu mai sauraronsa. Kuma ba shi kaɗai ba, har na bayansa mai gaskiya ya shafa wa kashin kaji.

Mu tuna da me iyayenmu suka kafu a ƙasar nan. Wani manazarci mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro. Abin da ya gano shi ne abin da kakanninmu suka sani ba tare da littafi ba: duk harkar a kan amana take tafiya. Falke zai kawo shanu daga Arewa ya danƙa wa maigida, dillali ya nemo mahauci, a ba da shanu bashi, babu takarda babu lauya, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. Kuɗin shanu ya tafi Arewa, na goro ya dawo, duk a kan kalmar baki. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kowane zango. Da wannan aka gina gidaje da masallatai a garuruwan da ba namu ba. Shi ne muke so mu bari a watsar a kan kamashon dubu biyu da ɗari biyar?

Na san abin da matasa za su ce, kuma suna da hujja. Babu aiki, haya ta yi tsada, abinci ya yi tsada, ko data ma an ƙara mata kuɗi tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Za su ce in mutum ya tsaya sai abu ya kammalu, ba zai taɓa farawa ba. Wannan gaskiya ne. Wanda ya san abu kada ya zauna yana jiran kyamara mai tsada da ofis. Ya fara yau da ƙaramin abu. Saurin da nake faɗa da shi shi ne na wanda bai san komai ba amma yana gaggawar karɓar kuɗi. Wanda ya shekara goma a sana'a yana iya haɗa darasi a mako guda, domin shekara goman ce ta rubuta shi.

Kuma abin takaici, ilimin da za a saya da gaske yana nan zube a zangunanmu, muna tsallake shi muna zuwa kwaso shara daga intanet. Dattijon da ke Shagamu ya san yadda ake shirya huhun goro, yadda ake sauya masa ganye, da yadda ake tsince mai sankara kafin ya lalata sauran. Dillalin Mile 12 ya san watan da kwandon tumatir ke faɗuwa da watan da yake tashi, da irin wanda ke jure doguwar tafiya. Mahaucin Oko-Oba yana kallon sa ya faɗa maka naman da zai bayar. Akwai masu turkar raguna don Layya da suka san abin da ake ba dabba da lokacin da ake saye. Akwai yaranmu da suka ƙware a gyaran waya a Computer Village ta Ikeja. Akwai waɗanda aka haifa a nan, suna jin Yarbanci ko Ibo kamar Hausa, alhali kullum baƙi na sauka daga mota ba su iya ko tambayar farashi ba. Darasi ashirin na murya, kowanne minti biyar, na Yarbancin kasuwa ga Bahaushe: wannan haja ce da mutum zai biya ya gode. Kuma tunda da yawa daga cikin mutanenmu sun fi sauraro a kan karatun boko, murya da bidiyo sun fi PDF amfani a wurinmu.

Saurayin da ya iya waya amma bai iya sana'ar ba, ga hanya: ya je ya durƙusa gaban mai sana'ar, su yi yarjejeniya a gaban shaidu, shi ya ɗauka ya tsara ya tallata, a sa sunan mai ilimin, a raba riba. Kafin a ɗora, a ba mutum goma da ke cikin harkar su gwada, su faɗi inda aka yi kuskure. A saki darasi ɗaya kyauta kowa ya ɗanɗana, yadda mai kilishi ke yanko maka ɗan kaɗan. A faɗi abin da ke ciki da abin da babu. Wanda ya saya bai gamsu ba a mayar masa da kuɗinsa. Kuma a sani tun farko cewa wani zai tura wa wani kyauta, don haka abin da zai riƙe mai saye shi ne samun wanda zai yi wa tambaya ya amsa masa. Wannan kuwa mai kwafe ba zai iya ba. Duk wannan ana iya gama shi a 'yan makonni. Ba a ce zai sa ka sayi mota a wata ɗaya ba, amma zai bar ka kana iya shiga masallacin unguwa da kanka a ɗage.

Ga mai saye kuma, kafin ka tura ko sisi, yi tambaya uku. Kai da kake koyar da abin nan, ina naka yake, mu gani? Wa ya saya ya amfana, wanda ba kamasho yake ci ba? In ban tallata wa kowa ba, akwai abin da zan ƙaru da shi? Hoton alat ba shaida ba ne, yaro ɗan sakandare ma yana iya haɗa shi. Wanda ya ce maka sai yau kaɗai, bar shi ya rufe.

Ina kira ga sarakunan Hausawa, shugabannin ƙungiyoyi, da masu kula da zaurukanmu, su daina barin kowa ya zuba talla ba a tantance ba. Duk wanda zai sayar wa jama'armu wani abu, a san shi, a san inda yake kwana, a ga samfurin kayansa, kamar yadda ba a taɓa barin baƙon dillali ya shiga kara ba tare da wani ya tsaya masa ba. Su kuma iyaye, in yaro ya zo neman kuɗin kwas, a tambaye shi me zai iya yi da hannunsa bayan ya gama. In amsar ita ce zai sayar wa wasu kwas ɗin, gara a ba shi kuɗin ya sari albasa.

Allah ya ba matasanmu sana'a mai albarka, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa.