Zomo, ƙwai da yaro ɗan shekara uku

Da zarar watan Maris ya kama, shagunan littattafai a Ingila da Amurka sukan cika da hotunan zomaye da ƙwai masu launi. Ista ce ta ƙarato, bikin da Kirista ke tunawa da tashin Yesu Almasihu, wanda a lissafin majami'un Yamma yake faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A lokacin ne sanyi ke janyewa a can, itatuwa su yi toho. Mukan kira wannan yanayi bazara, amma bazararmu zafi ce da jiran ruwa. Tasu ta fi kama da farkon damina.

Wanda ke renon ƙaramin yaro a waɗannan ƙasashe, ko wace iri ce aƙidarsa, sai ya gamu da waɗannan littattafai, ko a shago ko a jakar makarantar reno. Iri biyu ne. Akwai na addini, kuma a nan iyaye Kirista ke da aiki, domin labarin yana ratsawa ta kan gicciye da kabari, abin da ɗan shekara uku bai kai ga ɗauka ba sai da lallami. Akwai kuma na zomo da ƙwai, al'adar da Jamusawa suka kai Pensilbaniya a ƙarni na 18, wadda ba ta cikin Linjila. Duba shafi biyu ya isa a gane wanne ne a hannu.

Kowa cewa yake yi a samo mai taushi, wanda ba zai firgita yaro ba. Na yarda. Sai dai a ganina an mayar da taushi tamkar rashin labari. Mafi yawan abin da ake jibgewa a kan teburan nan kyalkyali ne: zomo ya yi murmushi a shafin farko, ya yi a na ƙarshe, babu abin da ya faru tsakani. Yaro ba ya neman a maimaita masa irin wannan.

A gwada shi da The Golden Egg Book na Margaret Wise Brown, wanda ya fito a 1947 da zanen Leonard Weisgard. Ɗan zomo ne shi kaɗai ya tsinci ƙwai, ya ji motsi a ciki. Ya tura shi, ya mirgina shi, bai fashe ba, har barci ya kwashe shi. Sai ɗan agwagwa ya fito. Babu dodo, babu duka, amma akwai kaɗaici, akwai ɗoki, akwai tambayar da ke riƙe yaro har shafin ƙarshe: me ke cikin ƙwan? Irin damuwar ke nan da ta yi daidai da ƙirjinsa, kuma tana warwarewa kafin a rufe littafin.

Ga wanda ya kai biyar ko shida, The Country Bunny and the Little Gold Shoes na DuBose Heyward, na 1939, ya fi nauyi. Zomanya ce ta ƙauye mai 'ya'ya 21, wadda manyan zomaye suka raina, amma aka zaɓe ta cikin masu rabon ƙwai saboda hikima da kirki da zafin nama. Yana da tsawo. Ɗan shekara uku zai zame daga cinya tun ba a yi rabi ba.

Shi kuwa The Tale of Peter Rabbit na Beatrix Potter, na 1902, ba littafin Ista ba ne, zomon ne ya ja masa wuri a teburin. Zanensa lallausa ne, amma tun a shafukan farko uwar take shaida wa 'ya'yanta cewa ubansu ya ƙare a abincin matar mai lambu, sannan mai lambun ya fafari Peter da manjagara. Wani yaron dariya zai yi, wani kuwa zai tashe ka cikin dare yana tambayar uban. Bango ba ya nuna wannan. Littafin hoto bai cika wuce shafi 32 ba, don haka minti biyar a tsaye cikin shago ya isa ka karance shi kafin ka biya.