Joe Louis da Muhammadu Ali: Wa Zai Ka Da Wani?

Daren Asabar da ta wuce an yi wata gardama a ɗakin hutawa na ɗalibai, har sai da shugaban ɗalibai ya zo ya kashe fitila sa'an nan mutane suka watse. Abin da ya jawo ta kuwa, wani ɗan aji biyu ne ya ce wai da Joe Louis ya gamu da Muhammadu Ali a fagen damben Turawa, da Ali bai kai turmi shida a tsaye ba. Nan fa wuri ya kaure. Har yanzu da na ke rubutun nan akwai mutum biyu 'yan ɗaki ɗaya da ba su gaisawa. Ni ma ina wurin, amma muryata ba ta da ƙarfi, saboda haka na kawo tawa maganar nan inda ba mai katse ni.

Wani daga cikin malamanmu ya ce gardamar banza ce. An haifi Louis cikin 1914, Ali kuwa cikin 1942. Sa'ad da Louis ya yi dambensa na ƙarshe cikin 1951, Ali yana yaro ɗan shekara tara, yanzu kuma dukansu sun riga mu. Malam ya gafarce ni, ban yarda ba. Abin da ya mai da ta banza ran Asabar shi ne kowa na ta ihu, ba a tsai da sharaɗi ko ɗaya ba.

Ko a Amurka an taɓa yin irin wannan. Cikin 1969 aka zuba labarin damben Rocky Marciano da na Ali cikin kwamfuta, aka sa mutanen biyu suka kwaikwayi dambe gaban masu ɗaukar hoto, aka nuna a gidajen silima cikin Janairu 1970. Na'ura ta ce Marciano ya yi kisa a turmi na 13. To, ai abin da mutane suka zuba mata shi ta mayar musu, kamar ɗalibin da ya haddace littafi.

Sharaɗi na fari, wane Louis, wane Ali kuma? Ba adalci ba ne a ɗauko Louis wanda Marciano ya buge cikin 1951, gashin kansa ya soma zubewa, bashin haraji ne ya komo da shi fage. Haka nan ba a ɗauko Ali na 1980 da ya sha wuya hannun Larry Holmes. Ni na zaɓi Louis na Yuni 1938, wanda ya gama da Max Schmeling na Jamus cikin minti 2 da daƙiƙa 4, da Ali na Nuwamba 1966, wanda ya ka da Cleveland Williams cikin turmi 3. A ranakun nan nauyin Louis wajen laba 199 ne, na Ali wajen 212, Ali kuma ya ɗan fi shi tsawo da tsawon hannu.

Sharaɗi na biyu, turmi nawa? Kada ku raina wannan. A zamanin su duka biyu damben kambu turmi 15 ne, sai cikin shekarun 1980 aka rage shi ya koma 12. Cikin Yuni 1941 Louis ya kara da Billy Conn, wani siriri mai saurin ƙafa wanda bai kai laba 175 ba. Da aka gama turmi na 12, alƙalai biyu cikin uku sun sa Conn a gaba, na ukun ya ce kunnen doki. Watau da dokar yau a ke bi, da Louis ya rasa kambunsa ran nan. Sai Conn ya ji daɗi ya tsaya musayar naushi, Louis ya kwantar da shi a turmi na 13. Saboda haka mu bar su da turminsu 15 da suka saba.

Yanzu bari in faɗi abin da mutanen Louis ya kamata su faɗa ran Asabar, maimakon buga tebur. Louis ya riƙe kambun masu nauyi tun daga 1937 har 1949, ya kare shi sau 25. Naushinsa gajere ne, ba ya ɗaga hannu mutum ya gani, kuma ba ya aika ɗaya sai da 'yan rakiya uku ko huɗu. Ali kuwa yana da wata ɗabi'a da kowane mai koyar da dambe ke hana yara: ya kan saki hannuwa ƙasa, ya janye kai baya. Naushin hagu mai lanƙwasa shi ne maganinsa. Da shi Sonny Banks ya ka da shi cikin 1962, da shi Henry Cooper ya zaunar da shi a Landan cikin 1963 har ƙararrawa ta taimake shi, da shi kuma Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 cikin 1971. Louis kuwa gwanin wannan naushi ne. Akwai kuma wani dattijo, Eddie Futch, wanda ya yi gwajin dambe da Louis a Detroit suna samari. Shi ne ya shirya Ken Norton cikin 1973, ya koya masa ya riƙa miƙa hagu daidai lokacin da Ali ya miƙa tasa, gama Ali ba ya tsare fuska da dama. Norton ya karya masa muƙamuƙi, ya ci damben. In dabarar ta yi wa Norton aiki, ina ga Louis?

Duk da haka ni Ali na ba, ga dalilina. Frazier da Norton sun sami Ali ne bayan an hana shi dambe daga 1967 zuwa 1970 don ya ƙi shiga soja, ƙafafunsa sun yi nauyi. Banks da Cooper kuma sun same shi yana ɗan shekara 20 da 21. Ali na 1966 dabam ne. Na sani Williams ya zo fage da raunin harsashi da ya samu cikin 1964, ba na ɓoye wannan, amma ku dubi ƙafafun Ali cikin majigin, ku manta da abokin karawar. Louis mai jan ƙafa ne, sai ya kafa ta kana ya yi bugu. Duk wanda ya ƙi tsaya masa ya wahal da shi: Conn, da Jersey Joe Walcott wanda ya ka da shi sau biyu cikin 1947, har jama'a suka yi wa alƙalai ihu da aka ba Louis. To, ku ɗauki saurin Conn ku ƙara masa laba kusan 40 da tsawon hannu. Sa'an nan Louis ma ba dutse ba ne. Schmeling ya lura yana sauke hagu bayan ya miƙa ta, ya yi ta ɗirka masa dama har ya gama da shi a turmi na 12 cikin 1936. James Braddock da Tony Galento da Buddy Baer duk sun taɓa kai shi ƙasa. Ali kuma duk sa'ad da ya faɗi ya kan tashi, mutumin da ya jure dukan George Foreman a Kinshasa cikin 1974.

Abin da na ke gani ke nan: Louis zai sami haƙarƙarin Ali, watakila ma ya ka da shi sau ɗaya wajen turmi na 10, amma Ali zai tashi, ya ci da maki bayan turmi 15.

Sai dai akwai inda na tsaya cik, watau karo na biyu. Louis ba a yi masa wayo sau biyu. Schmeling da ya ci shi, turmi ɗaya ya yi a karo na biyu. Conn ya faɗi a turmi na 8 cikin 1946, Walcott a na 11 cikin 1948. Har na kusa rubuta cewa Louis zai rama, sai na tuna Ali ma haka ya ke: Frazier, da Norton, da Leon Spinks cikin 1978, kowannensu ya ci shi da fari, ya komo ya ci su. Wannan kam ban yanke ba. Na roƙi shugaban ƙungiyar muhawara ya sa shi cikin jerin wannan zango, ɗan aji biyun nan ya tsaya wa Louis, abokin ɗakinsa ya tsaya wa Ali, kowa minti bakwai, ni in riƙe agogo.