Kada A Taɓa Injakta Sai An Duba Iska Da Mai

Mas'alar da za mu yi magana a kanta yau ta mota ce, watau tsohuwar mota mai shan gas, wadda aka wayi gari ana taka mata totur tana jan ƙafa. Kada wani ya ce wannan zancen makanikai ne, bai kamaci shafin malamai ba. Wanda duk ya taɓa tsayawa bakin hanyar Gumel ran Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, ya san bisa ƙafar mota arzikin ƙasan nan ya ke tafiya. Shanu da tumakin da ke shigowa daga wajen Damagaram, da riɗi da zoɓorodon ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar, da hajar da a ke fatan tarawa a yankin ciniki maras kuɗin fito da aka keɓe a Maigatari zamanin Gwamna Saminu Turaki, babu ɗayansu mai fiffike. Motar da ta rasa ƙarfin ja ita ce ke kwana da dabbobi a daji ba ruwa ba harawa. Ita ce kuma ke fita za ta wuce tirela ta kasa, ga wata tafe a guje. Allah ya kiyaye.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata al'ada da ta zauna a garejoji. Da mai mota ya ce motarsa ba ta ja, tun ba a buɗe komi ba sai ya ji an ce injakta ce. Injakta kuwa ita ce famfon da ke raba wa inji mai, kuma tana cikin mafi tsadar abin da ke jikin motar. Sai a kwance ta a aika Kano, mota ta yi kwanaki a jingine, ko kuwa a murɗa mata kusar mai a nan take. Mu kam ra'ayinmu shi ne wannan tartibi a juye ya ke. Mai doki ba ya kiran mai sakiya sai ya duba harawa da ruwan sha tukuna. A ƙasa irin tamu mai ƙura, inda kuma mai ke ratsa jarka da duro kafin ya isa tanki, galibin cutar tana bakin ƙofa, kuma maganinta ba shi da tsada.

Ku sani injin gas, wanda mutanen Nijar ke ce wa man nasa gazuwal, ba kamar na fetur ya ke ba. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya ƙago shi, ya yi aiki sosai a 1897. Ba shi da kafireto, ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska tsantsa ya ke zuƙa, fistin ya matse ta wajen ninki 20, har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ta fesa mai a cikinta kamar hazo, ya kama da kansa. Saboda haka ƙarfinsa ya rataya ga abu huɗu: iska isasshiya, mai tsarkakakke, matsi, da zuwan feshin a kan lokacinsa. Biyun farko mai mota da yaronsa suna iya duba su ƙarƙashin inuwar darbejiya. Biyun ƙarshe su ne ke bukatar gwani da kayan awo.

Amma tun da fari a yi wa motar adalci. Marsandi 240D, irin wadda aka yi daga 1976 zuwa 1985, da ƙarfin doki 65 ta fito, daga baya aka kai ta 72. Tun tana sabuwa ba ta tsere da motar fetur, juriya aka san ta da ita. To, ma'auni shi ne a gwada ta da kanta ta bara, a hanya ɗaya da kaya ɗaya, kada a gwada ta da motar maƙwabci. A tuna kuma iskar bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ta fi ta asubahin hunturu sauƙin nauyi, don haka inji ba ya samun cikar cikinsa da tsakar rana. A-kori-kurar da aka ɗora wa buhu ninki biyu na ƙa'idarta kuwa ba ta da wata cuta, zalunci ne kurum.

In dai an tabbata ƙarfi ya ragu, mai ba da labari na farko shi ne hayaƙi. A sa yaro ya tsaya baya ya duba salansa sa'ad da a ke hawan tudu ko an taka totur. Baƙin hayaƙi shaida ce mai ya fi iska yawa, ko kuwa nozul tana zuba maimakon feshi. Fari mai yaji a ido, wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, mai ne ke fita bai ƙone ba, saboda feshi ya makara ko matsi ya yi rauni. In farin ba shi da yaji, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Shuɗi kuwa baƙin mai inji ke ci, alamar tsufa ya kama zobban fistin. Akwai kuma ta huɗu wadda mutane ba su kula da ita, watau mota ba ta ja kuma ba hayaƙi ko kaɗan. Wannan yunwa ce, mai ne ba ya isa.

Mu fara da iska. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta zuba mana, ga kuma rairayin hanyoyin ƙauye da motocin kasuwa ke bi. Lissafin canjin filtar iska da masu ƙera mota suka rubuta, don titunan Turai suka yi shi, ba ya aiki nan. A ciro filta a ɗaga ta ga rana. In haske bai ratsa takardarta ba, iska ma ba ta ratsawa. A hura ta daga ciki zuwa waje a hankali, in an yi haka sau biyu ko uku sai a saye sabuwa. Abin takaici, wasu sukan wanke ta da ruwa, wasu su huda ta da ƙusa, wasu ma su cire ta ɗungum su ce mota ta sami numfashi. Lalle za ta ja na 'yan makonni. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa: rairayin nan da aka buɗe wa ƙofa shi ne zai goge cikin inji kamar an sa masa magagari, matsi ya tafi, kuma ba ya komowa sai an sauke inji. Motar da ke da tobo, watau fankar da hayaƙi ke juyawa tana ɗura wa inji iska, a duba tiyonta ma, gama tsaga kaɗan ta isa ta kawo fito da baƙin hayaƙi.

Sai mai, kuma a nan ne babbar masifar mutanen kan iyaka ta ke. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba na shekarar kuma Kwastan suka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ƙofar Maigatari ba sai Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma tsada: litar gas da ba ta kai naira 300 ba a farkon 2022, kafin shekarar ta fita ta haura 800. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya ƙara tura direba wajen mai jarka a bakin hanya. Ba mu ce duk mai jarka macuci ne ba, da yawansu neman halalinsu su ke yi. Amma duron da ya kwana a fili yana tara raɓa da tsatsa, jarkar da aka ɗebi ruwa da ita jiya ba ta bushe ba, mazurari kuwa yana yashe cikin rairayi. Wannan sakaci ke nan. Akwai kuma ganganci, watau masu surka gas da kananzir ko da wani gurɓataccen mai don ya yi auki.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Gibin da ke tsakanin ƙarafan cikin injakta da nozul ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma maiƙon gas ɗin kansa shi ke hana su cin juna. Kananzir ba shi da wannan maiƙo. Ruwa kuwa tsatsa ya ke sa musu, in ya daɗe a gindin tanki kuma ya haifar da wani baƙin yauƙi mai toshe ragar da ke bakin bututu. Alamar toshewa sananniya ce: mota ta tashi lafiya, ta yi tafiyarta a hankali lafiya, amma da an nemi gudu ko an fuskanci tudu sai ta shaƙe, in an ɗan tsaya ta farfaɗo. Wanda ya ga haka ya sake filtar mai, babba da ƙarama in biyu ce, ya tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta, ya wanke ragar tanki. Ya bi tiyon mai da ido da hannu, domin tsohon tiyo yakan tsage ya riƙa shan iska ba tare da ya ɗiga ba, in an sa guntun tiyo garai-garai za a ga kumfa na wucewa. Har murfin tanki a duba. Yana da 'yar kafar numfashi, in ta toshe sai a ji tanki ya ja iska da ƙarfi sa'ad da aka buɗe shi. Gwajin mai kuwa ba ya bukatar ilmin boko: a zuba shi cikin kwalba mai tsabta a ajiye ya kwana, ruwa da laka za su kwanta a ƙasa kowa ya gani.

Wani lokaci ma inji lafiyarsa lau. In an taka totur ƙara ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, ga warin ƙauri, kuloci ne ke sulɓewa. In bayan 'yar tafiya an kai hannu kusa da ƙafa ɗaya aka ji ta fi sauran zafi, birki ne ya riƙe. Wayar totur takan saki, direba ya taka har ƙasa amma hannun injakta bai kai maƙura ba, wannan gyaran minti biyar ne. Salansar da ta lotse a kan kututture ita ma tana shaƙe mota.

Sai an gama da waɗannan duka sa'an nan a je ga gwani, shi ma da tartibi. A daidaita gibin bawul, gama tsofaffin injuna irin na Marsandi da hannu a ke yi musu wannan daga lokaci zuwa lokaci, mutane kuwa sun manta. A ɗora nozul bisa na'urar gwaji a ga ko tana feshi ko tsiyaya, kuma kada kowa ya tara hannu gaban feshin, yana huda fata ya shiga jini. A duba lokacin feshi, a auna matsi. Injakta ita ce ta ƙarshe. Amma kusar nan ta mai, wadda masu ƙira suka ɗaure suka buga wa hatimi, murɗa ta gyaran gangar Auzinawa ne. Inji yana kukan rashin iska, an ƙara masa mai. Mota za ta ɗan zabura, mai ita ya biya yana murna, alhali rabin abin da aka ƙara hayaƙi ya ke zama, saura kuma ya zafafa kan fistin, ya wanke bangon inji, ya gangara ya tsinka baƙin mai.

In an ce, ai talaka ba shi da kuɗin sayen filta kowane wata biyu, sai mu ce gaskiya ne abin da wuya, musamman ga wanda motar ba tasa ba ce, kullum sai ya kai wa maigida balas. Amma a ɗauki alƙalami a lissafa man da toshasshiyar filta ke ƙonawa a banza tsakanin Maigatari da Kano, ta Gumel da Gujungu, sawu huɗu a wata, a gwada da kuɗin filtar. Ba a ma sa kwanakin da mota za ta yi a gareji ba. Masu motoci su ma su daina ɗora wa direba wannan nauyi. Wanda ya ce a cikin kuɗin abincin direba za a sayi filta, shi ya umurta a huda ta da ƙusa.

Muna roƙon malamai masu wa'azi a kasuwanni su sa wannan cikin babin algus. An saba jin su a kan mai zuba ruwa a nono da mai ɓoye ruɓaɓɓen hatsi a gindin buhu, to mai surka gas ɗan'uwansu ne, ɓarnarsa ma ta fi, gama ba ta bayyana sai mai saye ya yi nisa cikin daji da dukiyar mutane da rayukansu. Haka makanikin da ya san filta ce ya ce injakta. Shugabannin direbobi na tashoshin Maigatari da Gumel kuma suna da ikon da ba sai sun jira gwamnati ba. Su ajiye kwalbar gwaji da mazurari mai raga a tasha, su ce wa kowane mai jarka da ke son ciniki da mutanensu ya yarda a ɗebi mansa a ajiye tun daren Laraba, a duba shi da safiyar Alhamis kafin a fara lodi.