Jirgi Ba Matuƙi: Wa Zai Duba Taya?

A 2020 kamfanin Airbus ya gwada jirgin da ke tashi da sauka da kansa, har wasu na cewa kwanan matuƙa ya ƙare, tunda na'ura ba ta gajiya. To, maniyyatan Dakoro kada su ruɗu. A Jidda, a 1991, tayoyi marasa isasshiyar iska ne suka kama wuta, mutum 261 suka rasu cikin jirgin alhazan Sakkwato. A 2018 da 2019 kuwa, na'urar Boeing 737 MAX ce ta riƙa danna hancin jirgi ƙasa, rayuka 346 suka salwanta. Sakacin tun daga ƙasa yake farowa. Wajibi ne hukumomin Nijar su tsananta binciken duk jirgin alhazai, da matuƙi ko babu.